Kamfanin da ya duba mana ƙasa kafin mu sa katafila a yankin Nabaho: tauraro huɗu na ba su

Jama'a sallama. Na daɗe ina son rubuta wannan tun da muka gama kashin farko na aikin ruwan, zirga-zirga tsakanin birnin Flagstaff da daji ce ba ta bar ni ba. Ni injiniyan ruwa ne, ɗan Katsina, shekara 11 ke nan ina aiki a jihar Arizona ta Amurka, kamfanin da nake wa aiki ƙarami ne, kwangilar shimfiɗa bututu muke yi. Waɗanda zan yi magana a kansu wani ƙaramin kamfani ne na masu bincike da muka ɗauka su duba mana muhalli da kayan tarihi da wuraren al'ada kafin mu fara haƙa a ƙasar Nabaho. Sunansu ba zan kama ba, don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutane ne da har gobe muna gaisawa. Amma duk ɗan uwan da ke harkar gini ko bututu ko jan waya a wannan yanki ya san irinsu, kuma wata rana dole ya zaɓi ɗaya.

Bari in ɗan shimfiɗa tabarma don wanda bai san wurin ba. Nabaho, su da kansu Diné suke kiran kansu, ƙasarsu ta ratsa jihohi uku, Arizona da New Mexico da Utah, faɗinta ya haura murabba'in mil 27,000, ita ce mafi girma cikin duk yankunan da aka keɓe wa 'yan asalin Amurka. Suna da shugabansu da majalisarsu da kotunansu da 'yan sandansu, fadar mulkinsu tana Window Rock, kuma ƙasar an kasa ta gundumomi 110, kowace da zauren taronta. To amma a cikin wannan Amurkar da ake gani a talabijin, kusan gida 3 cikin 10 a wurin ba su da famfo. Za ka ga tsohuwa ta ɗora tanki bayan a-kori-kura tana tafiyar mil da yawa a hanyar burji don ta ɗebo ruwan sha da na tumaki. Ranar da na fara ganin layin motoci a bakin famfon gunduma wallahi sai da na tuna 'yan ga-ruwa da kurarsu a unguwarmu.

Aikinmu shi ne mu ja bututu kamar mil 9 daga babban layi zuwa wasu gidaje da ke warwatse a yammacin ƙasar, ɓangaren Tuba City. Wannan ɓangaren yana da nasa ciwon daban. A 1966 kwamishinan harkokin 'yan asali na lokacin, Robert Bennett, ya dakatar da duk wani gini a fili mai kimanin eka miliyan 1.5 saboda rikicin ƙasa tsakanin Nabaho da maƙwabtansu ƙabilar Hopi, ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai 2009. Shekara 43 mutum ba ya iya jan wuta ko ruwa, gyaran rufin ɗakinsa ma sai da izini. Don haka in ka je wa mutanen nan da maganar "a ƙara haƙuri ana bincike" ka san bakin da kake taɓawa.

Me ya sa sai an yi binciken? Kuɗin aikin na gwamnatin tarayya ne, ƙasar kuma a takarda gwamnatin tarayya ce ke riƙe da ita amana a madadin ƙabilar, to da zarar hannun tarayya ya shiga dokoki biyu sun hau kanka. Ta farko dokar muhalli da suke kira NEPA, ba NEPA ɗinmu ta wuta ba, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 1970. Ta biyu dokar adana kayan tarihi ta 1966, musamman sashe na 106, wanda ya ce kafin a kashe kuɗin tarayya ko a ba da izini sai an duba me aikin zai taɓa. A 1992 aka yi wa dokar gyara aka ba ƙabilu damar su buɗe ofishinsu su karɓi aikin daga hannun jiha, Nabaho na cikin na farkon da suka karɓa a 1996, kuma tun 1988 suna da tasu dokar ta kare kayan al'ada. A taƙaice takarda biyu kake nema a hannunka kafin katafila ta sauka daga tirela, ta al'ada da tarihi daga sashen adana tarihi na ƙabilar, da ta tsirrai da dabbobi daga sashen kifi da namun daji. Ban da amincewar taron gunduma da sa hannun masu izinin kiwo a filin da za ka ratsa. Ofisoshin nan ba su ne za su fita su taka maka daji ba, kai za ka ɗauko kamfani mai izini ya yi binciken ya rubuta rahoto, su kuma su duba su yanke.

Kamfani biyu suka kawo mana farashi. Na farko babba ne, ofishinsu a birni, takardarsu fes, farashinsu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na biyu su ne waɗannan, mace ce mai shi, 'yar Nabaho, ta karanta ilimin tono kayan tarihi, ma'aikatanta ba su kai goma ba. Ni gaskiya na farkon na so a ɗauka, kasafin kuɗi nake kallo. Ogana ne ya ce mu kira kowannensu mu yi tambaya ɗaya, wa zai je ya zauna da mutanen gidajen, kuma da wane yare. Na farkon suka ce za su nemi tafinta idan buƙata ta taso. Ita kuma ta ce ai daga nan za su fara, kuma mutum biyu cikin ma'aikatanta da yaren suka tashi. Shi ke nan magana ta ƙare.

Abin da ya fara burge ni da su shi ne ba su karɓi taswirarmu a matsayin an gama ba. Na tura musu layin da na zana a kwamfuta, miƙaƙƙe sambal don na rage tsawo na rage kuɗi, sai ta bugo min waya ta ce injiniya kar ka buga wannan a babbar takarda tukuna, ka bar shi da fensir. Suka je Window Rock suka duba tsofaffin fayil na binciken da aka taɓa yi a yankin, sannan suka fito fili. Na bi su kwana uku don in gani da idona. Mutum huɗu ne suke jeruwa, tsakanin kowa da kowa kamar mita 15, su yi ta tafiya a ƙasa kai a sunkuye daga safe har la'asar, rana na dukan ƙeya iska na watsa yashi a ido. In wani ya ga abu sai ya tsaya ya kafa 'yar tuta. Ni da farko duwatsu kawai nake gani. Sai wani saurayi cikinsu ya durƙusa ya nuna min wani ɗan katanga, fasasshiyar tukunya fara mai zanen baƙi, ya ce wannan ta kai shekara ɗari takwas ko fi, ta mutanen da suka zauna nan tun da, waɗanda ƙabilun Hopi da Zuni ke cewa kakanninsu ne. Ya ɗauki hoto, ya rubuta wurin a na'ura, ya bar ta daidai yadda ya same ta. Na ce ba za ka ɗauka ba? Ya ce a'a, ba tamu ba ce, kuma doka ma ta hana. Daga baya na lura ko taɓa ta da hannu bai yi ba, da ɗan tsinke ya nuna min.

Duk wannan dai kowane kamfani mai izini zai iya yi. Inda kuɗinmu ya biya kansa shi ne zaman da suka yi da mutane, kuma a nan nake so in daɗe.

Akwai wata dattijuwa a ma'aikatansu, ita ce mai hira da jama'a. Ba ta zuwa da fom a hannu. In mun isa gida ba ma fita daga mota nan take, sai mu tsaya a ɗan nesa mu jira har mai gida ya leƙo, ta ce haka ladabin yake, kamar dai yadda ba ka faɗa wa gidan mutum ba sallama. In an shiga sai ta ce yá'át'ééh, a yi musabaha a hankali, taɓa hannu kawai ba matsewa, sannan ta faɗi danginta huɗu, na uwa da na uba da na kakanni biyu maza. Mai gida ma ya faɗi nasa. Daga nan ne za su gane me suke wa juna, wata tsohuwa ta zama kakarta, wani yaro ƙarami ya zama kawunta, kuma daga lokacin da wannan sunan za ta riƙa kiransu har a tashi. Ni Bahaushe wannan bai zame min baƙo ba ko kaɗan, mu ma ai sai an tambayi ɗan gidan wa kafin a buɗe ciki. Har nuni da baki suna yi irin namu, ba sa nuna abu da yatsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shirun. Za a yi tambaya, tsohuwa ta yi shiru minti biyu uku tana kallon ƙofa, ni har na fara motsi a kujera, ita kuwa ma'aikaciyar ko gezau. Sai can maganar ta fito.

A gida na huɗu ne wata tsohuwa mai kiwon tumaki, wadda ma'aikaciyar ke kira shimásání wato kakata ta wajen uwa, ta saurari bayanin layin har ƙarshe, sannan ta yi magana doguwa da yarensu tana nuna gabas da baki. Da muka fito ma'aikaciyar ta ce min injiniya layinka zai kauce wa wancan garken. Na duba, tsohon garke ne na itace da ya ruɓe, ba tunkiya ko ɗaya a ciki, masu tafiyar ƙasa sun wuce ta gefensa ba su ga komai ba. Ta ce tsohuwar ta yarda a faɗa maka wannan, cibiyoyin 'ya'yanta da jikokinta a nan aka binne su. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Mu da muke cewa garin da aka binne cibiyata in muna nufin asalinmu, ga shi na zo ƙarshen duniya na zana layi da kwamfuta ta tsakiyar na wasu. Babu na'urar da za ta nuna maka wannan, babu hoton tauraron ɗan adam da zai nuna, ba ya cikin kowane fayil a kowane ofis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai faɗa wa wanda ya shigo da takalmi yana duba agogo ba.

Wurare uku suka fito daga irin wannan hirar. Garken shi kaɗai aka gaya min ko menene. Sauran biyun da'ira kawai aka zana min a taswira aka ce kauce, ka bar tazarar kaza. Na tambayi mai kamfanin me ke ciki, don in san ko zan iya ratsawa ta ƙarƙashi da injin huda ƙasa ba tare da na buɗe rami ba. Ta ce ba za ta faɗa ba, bayanin yana cikin wani rataye na sirri da zai tafi ofishin adana tarihi na ƙabilar kawai, kuma ta ƙarƙashi ma ba za a bi ba. Ranar na ji haushi, ba zan ɓoye ba, mu muke biya amma an ba mu rahoto da rami a tsakiya. Sai da na kwana na tashi na gane abin da na biya ke nan. Tsofaffin nan sun faɗa ne don sun tabbata maganar ba za ta zaga ofisoshin 'yan kwangila ba. Ranar da kamfanin ya fara zuba wa abokan cinikinsa sirrin mutane, ranar bakin kowa zai rufe, kuma wanda zai zo bayanmu rahoto mai tsabta za a ba shi wanda babu gaskiya a ciki. Ita dokar tarayyar ma ta yarda a ɓoye wurin irin waɗannan abubuwa, saboda masu haƙa kaburbura su sayar da tukwane ba tatsuniya ba ne a wannan yanki, dalilin dokar 1979 ta kare kayan tono ke nan, da ta 1990 kan kaburbura da mayar da ƙasusuwan kakanni ga danginsu.

A dunƙule ta yi min bayanin irin abubuwan da kan sa a zana da'ira, ba tare da ta ce wanne ne namu ba. Kabari, wanda a al'adarsu ba a kusantarsa kuma ba a son yawan maganarsa. Tsohon hogan, ɗakinsu na gargajiya mai ƙofa a gabas, in mutum ya rasu a ciki akan bar shi har abada. Bishiyar da tsawa ta faɗa wa. Wurin da masu magani ke tsinkar ganye, ko inda ake zuba garin furen masara a yi addu'a. Ni Musulmi ne, akwai abubuwa a ciki da ba aƙidata ba ce, amma ba a ɗauke ni aiki don in auna imanin kowa ba, ƙasarsu ce, kuma na san yadda zan ji in wani baƙo ya zo da katafila ya ce maƙabartar garinmu ta tare masa hanya.

Kaucewar ta ƙara mana kusan rabin mil na bututu da lanƙwasa biyu da na sake lissafin matsin ruwa saboda su. Da an gina ne sannan magana ta fito, da ba rabin mil ake zance ba.

Ta ɓangaren muhalli ma sun yi wani abu da ba ya cikin yarjejeniyarmu. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙi yuraniyom kusan tan miliyan 30 a ƙasar Nabaho, aka tafi aka bar musu ramuka sama da 500, da yawa suna nan wajen garin Cameron ba nisa da inda muke, har ƙabilar ta haramta haƙar gaba ɗaya a 2005. Akwai gidajen da aka gina da duwatsu da yashin bakin ramukan mutane ba su sani ba. Su suka ɗora taswirar ramukan kan layinmu suka ce a nan kusa da wannan kwarin ku sa a auna kafin ku tono, kuma kar direbobinku su ɗebi ƙasar ciko daga duk tulin da suka gani a hanya don yana kusa. An auna, lafiya lau, amma maganar cikon ta shiga kunnena, don na san halin direban tifa in rana ta yi.

To yanzu ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne.

Akwai wani ɗan tsiro mai ƙaya da ake kira Fickeisen, dangin kaktus, ƙanƙane ne ƙwarai, yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa tun 2013 kuma a wannan yankin yake fitowa. Halinsa in fari ya yi sai ya shige cikin ƙasa ya ɓace, ba ka ganinsa sosai sai lokacin da yake fure wajen Afrilu zuwa Mayu. Ma'ana in layinka ya bi ta irin ƙasar da yake so, a wannan ɗan tsakanin kawai bincike ke da amfani. Mun sa hannu da su a Maris. Sun sani, ko ya kamata su sani, amma ba wanda ya ɗaga mana waya ya ce a tura masanin tsirrai yanzu-yanzu. Shi masanin ma ba ma'aikacinsu ba ne, haya suke ɗaukarsa, kafin ya samu lokaci Yuni ta shiga. Aka ce wani yanki na layin, kamar mil 2, sai baɗi. Gidaje 7 ke bayan wannan yankin. Ni na je na tsaya gaban taron gunduma na faɗa musu, wani dattijo ya miƙe ya yi magana a hankali ba faɗa ba zagi, aka fassara min, ya ce tun yana saurayi ake ce masa baɗi. Ban samu abin cewa ba. Wannan laifin kamfanin ne ɗari bisa ɗari, ba na tsiron ba ne ba na doka ba, kalanda ce kawai ba su duba ba. Mai kamfanin ta amsa laifin ba ta yi ta kewaye-kewaye ba, ta kuma rage wani abu a kuɗin, amma ragin bai kai ruwa gidan kowa ba.

Na biyu, sadarwa. In suna daji to sun ɓace, ba sabis, wannan na fahimta, amma ofis ɗin ma imel sai ya yi kwana biyar ba amsa, wadda ke amsa waya ita ce mai rubuta rahoto ita ce mai haɗa takardar kuɗi. Daftarin farko ya makara sati uku. Ofishin ƙabila yana da kwana 30 na dubawa a ƙa'ida kuma agogon ba ya fara tafiya sai rahoto ya shiga cikakke, to duk ranar da ta ɓace a hannun kamfani ta ɓace ke nan. Takardar kuɗinsu kuma dunƙule take zuwa, "aikin fili" kuɗi kaza, sai mun bi mun ce a warware mana awa nawa mutum nawa. Ba na zarginsu da cuta, da suka warware lissafin ya fita daidai, rashin tsari ne. Wani ɗan abu kuma da ya kamata su gaya wa duk baƙo tun ranar farko, ƙasar Nabaho tana canja agogo da bazara, sauran Arizona da Hopi ba sa canjawa, mitin ɗinmu na farko da awa ɗaya muka saɓa.

Da aka fara haƙa sai suka turo mana mai sa ido, wata matashiya da hular kwano da 'yar cebur ɗin hannu, tana tsaye bakin rami duk inda katafila ta sa haƙori a kusa da wuraren da aka yi wa alama. Direbanmu da farko yana ganin ta tare masa aiki. Rana ta tara ta ɗaga hannu, ya tsaya cak. Ƙasa ce ta canja launi, wani baƙi-baƙi kamar zagayen faranti a bangon ramin, ni da na wuce sau goma ban gani ba. Tsohon murhu ne, toka da gawayi da 'yan katanga, a ƙasa da inda idon masu tafiya zai kai. Ta sa aka ja igiya aka matsar da injin gaba can, ta hau tudu inda ake samun sabis ta sanar da ofishin ƙabila a ranar, aka ci gaba da aiki a wani ɓangaren. Kwana shida wurin ya yi a rufe, aka rubuta shi aka ɗan karkatar da layin. Abin da na yaba shi ne ba ta tsayar da aikin gaba ɗaya don nuna iko ba, kuma ba ta kau da kai don a zauna lafiya da direba ba. Kafin a gama shi da kansa yake rage gudu in ya ga ƙasa ta yi duhu yana kiranta ta duba.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan toka. Ni dai na ga abin da ke faruwa in aka yi binciken don cika takarda. Ina ƙasar nan a 2016 lokacin rikicin bututun mai na Dakota Access da 'yan asalin yankin Standing Rock, ƙabilar Sioux, bututu mai tsawon mil 1,172 da aka tsara ya ratsa ƙarƙashin tafkin Oahe dab da ƙasarsu. Ranar 2 ga Satumba ƙabilar Standing Rock ɗin ta shigar wa kotu bayanin wuraren da ta ce akwai kaburbura da jerin duwatsun ibada, washegari 3 ga wata katafiloli suka bi ta wurin, aka yi arangama har da karnuka. A 2020 alƙalin tarayya ya ce binciken muhallin da aka yi bai isa ba a sake cikakke, bayan mai ya riga ya yi kusan shekara uku yana gudu a ciki. Tsofaffin da muka zauna da su sun san wannan labarin sarai, shi ya sa ba kowa suke buɗe wa baki ba, sun ga inda faɗin wuri bai kare shi ba.

Kuma ina tuna gida. Muna da dokar tantance tasirin muhalli tun 1992, amma sau nawa mai binciken ya cire takalmi ya zauna a zauren mai unguwa har tsohuwar gidan ta gama shirunta? Gbagyi da aka tasa don gina Abuja suna nan suna magana har yau, ganuwar Kano kuwa kowa na ganin yadda ake cinye ta da gini. Ba ina cewa Amurka ta iya ba ne, ita ce fa ta kori Nabahon nan da ƙafa zuwa sansanin tsarewa na Bosque Redondo a New Mexico a 1864, sai 1868 suka dawo da yarjejeniya, kuma a 2023 kotun ƙolinta ta yanke da alƙalai 5 da 4 cewa yarjejeniyar ba ta wajabta wa gwamnati ta samo musu ruwa ba. Ɗan abin da ke aiki a tsarin, a ganina, shi ne ofishin da ke cewa e ko a'a na masu ƙasar ne, kuma mai tambayar yarensu take ji.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. Ɗayan da na cire na gidaje bakwai ɗin nan ne, kuma ba zan mayar ba sai ruwa ya isa can. Zan sake ɗaukarsu? Mun riga mun sake, su ke mana kashi na biyu, amma wannan karon na sa a rubuce cikin yarjejeniya cewa a satin farko za su ba mu kalandar duk wani tsiro ko tsuntsu mai lokaci, da sunan mutum ɗaya da zai amsa waya cikin kwana biyu, da takardar kuɗi a warware. In kai ma za ka ɗauki irinsu, ka kira su tun layinka yana fensir, ka tambaya wa zai zauna da mutane da wane yare, ka kuma sa kuɗin kaucewa a kasafinka tun farko don za a kauce. Masanin tsirran dai an riga an kama shi, ranar 20 ga Afrilu zai shiga mil biyun nan, ni ma zan bi shi.